Kafin a harba harsashi: wasan yaƙi, lissafi da kwamfuta a shirin tsaron ƙasa

A farkon shekarar 1942, a saman wani gini a birnin Liverpool na Ingila, an zana wa daɓen wani ɗaki layuka kamar taswirar teku, aka jera 'yan ƙananan jiragen ruwa na katako a kai. A gefen ɗakin an kafa labulen tamfol mai 'yan kafofi, ta yadda hafsan da ya tsaya a bayansa ba zai hango komai ba sai iya abin da idonsa zai kai da a ce yana kan jirginsa a tsakiyar tekun Atilantika. 'Yan matan rundunar sojin ruwan Birtaniya ne, wasunsu ba su kai shekara 20 ba, ke durƙusawa da alli a hannu suna zana hanyar da kowane jirgi ya bi. Hanyar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus kuwa, da alli mai launin da ba ya fitowa daga bayan labule ake zana ta. Minti biyu ake ba hafsa ya yanke shawara, ya rubuta umarni a takarda, ya miƙa.

A lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Birtaniya na cikin tsaka mai wuya. Jamusawa na nutsar da jiragen da ke kawo mata abinci da mai, kuma jiragen rakiya sun rasa ta inda ake shigo musu. Abin da kowa ya ɗauka shi ne maharin daga wajen ayari yake harbi, saboda haka da zarar an ji fashewa sai 'yan rakiya su bazu waje suna nemansa. Kyaftin Gilbert Roberts da waɗannan 'yan mata suka ɗauko rahotannin hare-haren da aka riga aka kai, suka riƙa maimaita su a daɓe. Duk ta inda suka ɓullo, lissafin ya ƙi fita, sai da suka gwada wani zato: jirgin Jamus yana bin ayarin ta baya cikin dare, a saman ruwa, ya kutsa tsakiyarsa, ya yi harbi daga ciki, sannan ya nutse ya bari ayarin ya wuce ta kansa. Nan komai ya zauna daidai. Suka tsara sabuwar dabara ta yadda 'yan rakiya za su koma baya su share inda ayarin ya baro. Kafin yaƙin ya ƙare a 1945, hafsoshi kusan 5,000 sun bi ta wannan ɗaki.

Babu kwamfuta ko ɗaya a wurin. Amma ginshiƙan da aikin ke tsaye a kansu har yau duk suna nan: ƙa'idojin da aka ciro daga abin da ya faru a zahiri, da ɓoye wa kowane ɓangare abin da bai kamata ya sani ba, da abokin karawa mai rai wanda da gaske yake so ya kayar da kai. Wannan na ƙarshen ne nake ganin shi ne ran al'amarin, kuma shi ne aka fi saurin yadawa.

Idan aka ce sojoji na tsara tsaro da wasa da kwamfuta, abubuwa uku ne aka haɗa a baki ɗaya, kuma rashin rarrabe su ne ke sa wasu su raina abin, wasu kuma su ɗauke shi kamar duba. Akwai wasan yaƙi irin na ɗakin Liverpool, inda mutane ke rabuwa gida biyu su kara a kan taswira. Akwai reshen lissafi da za a iya kira ilimin dabarun wasa, mai nazarin yadda za ka yanke shawara idan sakamakonka ya rataya a kan shawarar wani da ke neman ganin bayanka. Sai kwaikwayon yaƙi a kwamfuta, inda ake loda wa na'ura nisan harbin kowane makami, da gudun tanka, da yawan man da zai sha, a bar ta ta buga gwabzawar sau dubbai. Manyan rundunonin yau haɗa ukun suke yi.

Wasan ne babba a shekaru. A 1824 wani matashin hafsa mai suna Reisswitz, a masarautar Purushiya wadda daga baya ta haɗe kan Jamus, ya gabatar wa shugaban hafsoshin ƙasarsa wani wasa da ya gada daga mahaifinsa ya gyara. Taswira ce ta gaske, da 'yan ƙarafa ja da shuɗi a madadin bataliyoyi, da alƙali a tsakani wanda shi kaɗai ke ganin filin duka, da 'yan ƙwayoyin nan masu ɗigo-ɗigo da ake jefawa don a sa wa sa'a da tsautsayi nasu kason. Al'adar kiran ɓangarorin biyu Ja da Shuɗi daga nan ta samo asali. Da Purushiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka zo koyo. Kwalejin yaƙi ta sojin ruwan Amurka da ke Newport ta shafe shekarun da ke tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu tana buga yaƙi da Japan a daɓe, sau da yawa har ba a ƙirgawa. Bayan yaƙin, Admiral Chester Nimitz ya ce babu abin da ya zo musu ba-zata a tekun Pasifik in ban da matuƙan Japan 'yan ƙunar baƙin wake da suka riƙa faɗawa kan jiragen ruwa da jiragensu.

Lissafin ya biyo baya. Masanin lissafi John von Neumann ya kafa tubalinsa a 1928, sannan shi da Oskar Morgenstern suka fitar da babban littafinsu a 1944. Hanya mafi sauƙi ta gane abin da suka zo da shi ita ce a duba wani yaƙi da aka yi a watan Maris na 1943. Japan na son kai sojoji daga Rabaul zuwa Lae a tsibirin New Guinea, kuma hanya biyu ce: ta arewacin tsibirin New Britain, inda ake ruwa da hazo, ko ta kudu, inda gari ke garau. Ko wacce aka bi, tafiyar kwana uku ce. Janar George Kenney na Amurka kuma dole ya zaɓi inda zai tura mafi yawan jiragensa na leƙen asiri. Wani hafsa mai suna Haywood ya zauna a 1954 ya zana zaɓin a tebur, yana auna riba da kwanakin da Kenney zai samu yana ruwan bama-bamai. In ya sa ido a arewa, ko ta ina Japanawa suka bi zai sami kwana biyu. In ya sa ido a kudu suka bi ta kudun, ya sami kwana uku cif. In kuwa suka sulale ta arewa cikin hazo, kwana ɗaya kacal zai samu.

To, me mai hankali zai yi? Kwana ukun nan na da ban sha'awa, amma samunsu ya dogara ga abokin gaba ya yi wauta. Shawarar von Neumann ita ce ka dubi mafi munin abin da zai iya biyo bayan kowane zaɓi, ka ɗauki wanda muninsa ya fi sauƙi. Ga Kenney, arewa ke nan, domin ba za ta gaza ba shi kwana biyu ba. Kwamandan Japan ma in ya yi irin wannan lissafi arewa zai bi, don can ne dukan da zai sha ba zai wuce na kwana biyu ba. Haka kuwa aka yi, su biyun suka haɗu a arewa, Japan ta yi asarar jiragen dakon sojojinta takwas gaba ɗaya da jiragen rakiya huɗu. Kenney bai san wannan lissafi ba a lokacin. Abin da Haywood ya nuna shi ne tsohuwar koyarwar soja, wadda ta ce ka yi shiri bisa abin da abokin gaba zai iya yi, kada ka dogara ga abin da kake zaton zai yi, tana da hujja a lissafi.

Inda lissafin ya fi yi wa mai tsaro amfani kuwa shi ne matsalar da kowace runduna ke fama da ita kullum: wuraren tsaro sun fi masu tsaron yawa. A ce kana da tawagar sintiri ɗaya tak, da wurare biyu, ma'ajiyar makamai da gada. A ce asarar ma'ajiyar ta kai maki 12, ta gadar kuma maki 4. Maharin ba gaggawa yake yi ba, zai zauna makonni yana lura da kai. In kullum ma'ajiya kake tsarewa, zai gane, ya fasa gadar hankali kwance, ka tafka asarar maki 4. In ka ce za ka yi adalci ka raba darare biyu daidai, zai nufi ma'ajiya, tunda rabin lokaci a buɗe take, matsakaiciyar asararka ta zama 6. Raba-daidai ya fi tsayawa wuri ɗaya muni ke nan, abin da mutum ba zai yi tsammani ba sai ya zauna ya buga. Amsar ita ce dare uku cikin huɗu a ma'ajiya, ɗaya a gada. Yanzu duk inda ya nufa matsakaiciyar asarar 3 ce, ba shi da wata ɓaraka da ta fi wata. Sai dai da sharaɗi: kada a san wane dare ne na ina. Dole ƙuri'a ce za ta zaɓa.

A nan ne kwamfuta ta shigo da ƙafar dama, saboda dalili biyu. Ɗan Adam bai iya yin abu ba tsari ba. Ka ce wa kwamanda ya riƙa sauya lokutan sintiri, bayan wata guda za ka tarar ya faɗa cikin wani salo da mai sa ido zai iya karantawa. Sannan wurare biyu wasan yara ne. In sun zama 200, tawagogi 30, kowace da nisan da za ta iya zuwa da awannin hutunta, hanyoyin rabon sun wuce abin da kai zai ɗauka. Tun 2007 'yan sandan filin jirgin saman Los Angeles suka fara amfani da wata manhaja da Farfesa Milind Tambe da ɗalibansa suka ƙera, wadda ke fitar musu da jadawalin shingayen bincike da zagayen karnuka. Daga baya masu gadin gaɓar tekun Amurka suka ɗauki irinta a tashar Boston, har aka gwada ta wajen farautar masu kashe namun daji a Yuganda. Irin wannan aiki ba ya jan hankalin 'yan jarida kamar labarin manyan yaƙe-yaƙe, amma a ganina nan ne lissafin ya fi tsayawa da ƙafafunsa, don tambayar ƙarama ce kuma ana iya auna amsarta.

Duk da haka, a koma kan makin nan 12 da 4. Wa ya sa su? Mai tsaro ne, bisa abin da shi yake jin zafin rasawa. Maharin yana iya kasancewa ba makamai ne a gabansa ba, so yake sunansa ya cika duniya, don haka makaranta ko tashar mota da ba ta ma cikin jerinka ta fi masa komai. Lissafin zai ba ka amsa daidai ga wasan da ka rubuta, alhali shi wani wasan yake bugawa. Thomas Schelling, wanda ya sami kyautar Nobel a 2005, ya daɗe yana jan kunne a kan haka. Ya nuna cewa mafi yawan rigingimu ba irin na ribarka-asarata ba ne zalla, musamman in makaman nukiliya sun shigo, domin akwai sakamakon da duka ɓangarorin biyu ke gudu. Ya kuma faɗi wata magana da na ɗauka ita ce babbar hujjar wasa da mutane: duk kaifin basirar mutum, ba zai iya zama ya rubuta jerin abubuwan da ba za su taɓa faɗo masa a rai ba. Sai an kawo wani kan daban, an ce masa je ka ka rusa mana shiri.

Ɓangaren kwaikwayo a kwamfuta shi ma ya girmi kwamfutar. A 1916 injiniya Frederick Lanchester ya rubuta wani lissafi da har yau ɓurɓushinsa na cikin manhajojin soja. Ya ce in kowa na iya hango kowa ya harbe shi, ƙarfin runduna ba ya tafiya daidai da yawanta, yana tafiya ne da yawan an ninka shi da kansa. Mutum 1,000 in suka kara da 500 masu makami da ƙwarewa iri ɗaya, ba 500 ne za su rage ba, kusan 866 ne. In runduna biyu kowace na da 1,000, amma ɗaya ta yi dabarar raba ɗayar gida biyu ta ci su ɗaya bayan ɗaya, za ta gama da su duka tana da sauran mutum kusan 707. Wannan ya fayyace dalilin da ya sa kwamandoji tun fil azal ke neman tara ƙarfi wuri guda su raba kan abokan gaba. A shekarun 1940 masana a cibiyar binciken Los Alamos ta Amurka suka ƙara wata hanya: maimakon a buga lissafi sau ɗaya, a sa ƙuri'a a duk inda akwai shakka, ko harsashi zai samu, ko hazo zai sauko, a maimaita sau dubu goma, a ga sau nawa aka ci, sau nawa aka sha kaye. Abin da hafsa ke samu daga nan ya fi amsa guda daraja, domin yana ganin wane abu ne in ya ɗan motsa sakamakon duka ke juyawa. Sau da yawa ba yawan tankoki ba ne, man fetur ne, ko wata gada guda, ko kwanakin da harsasai za su kai kafin su ƙare.

Matsalar ita ce na'ura abin da ke ƙirguwa take ƙirgawa. Kafin yaƙin tekun Fasha na 1991, hasashe da dama sun nuna Amurka za ta rasa dubban sojoji wajen fitar da Iraƙi daga Kuwait, domin a takarda Iraƙi na da tankoki da manyan bindigogi masu yawan gaske. Yaƙin ƙasa ya ƙare cikin awa 100, kuma sojojin Amurka da suka mutu a fagen fama ba su kai 150 ba. Abin da alƙaluma ba su kama ba shi ne horo, da iya ɓuya, da ko sojan da ke cikin rami ya yarda ya mutu saboda wanda ya turo shi. Shekara 31 bayan haka aka sake yin tuntuɓe da dutsen nan ta ɗaya gefen. A watan Fabrairun 2022 masu nazari da yawa sun ɗauka birnin Kyiv, babban birnin Yukiren, zai faɗa hannun Rasha cikin 'yan kwanaki. Sai ga ayarin motocin yaƙi mai tsawon kilomita kusan 60 ya maƙale a arewacin birnin, kafin tsakiyar Afrilu kuma sojojin Rasha sun janye daga yankin. Ba a sa wa zuciyar 'yan Yukiren maki ba, ba a kuma sa wa sakacin jigilar mai da abinci na ɓangaren Rasha nasa makin ba.

Wannan kuskuren na rashin sani ne, ana iya gyara shi. Wanda ya fi damuna na ganganci ne. A farkon watan Mayun 1942 hafsoshin Japan suka buga harin da suke shirin kaiwa tsibirin Midway. An ruwaito cewa alƙalin wasa ya yanke cewa bama-baman Amurka tara sun sami jiragensu masu ɗaukar jiragen sama, biyu sun nutse. Admiral Ugaki, mai shugabantar zaman, ya rage tara zuwa uku, daga baya ma jirgin da ya rage a nutse aka gan shi ya dawo cikin wasa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko gyaran nasa na da hujja, amma sun fi haɗuwa a kan cewa tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato me za a yi in jiragen Amurka suka ɓullo ta gefe ba zato, an taɓo ta aka wuce. Bayan wata guda abin da ya faru ke nan, Japan ta rasa irin waɗannan jirage huɗu.

Shekara 60 bayan haka Amurka ta kashe kusan dala miliyan 250 a wani gagarumin atisaye mai suna Millennium Challenge, wanda ya haɗa sojoji na gaske da kwaikwayon kwamfuta. Aka ba Laftanar Janar Paul Van Riper mai ritaya ɓangaren Ja, wata ƙasa a yankin Gabas ta Tsakiya. Ya san Shuɗi, wato ɓangaren Amurka, za su saurari duk wata waya da rediyo, sai ya riƙa aika saƙo ta hannun masu babura, yana ba jiragensa izinin tashi da hasken fitila. Bai jira a kawo masa hari ba. Ya saki makamai masu linzami a lokaci guda tare da tarin ƙananan kwale-kwale, kwamfuta ta ƙirga jiragen ruwan Amurka 16 sun nutse. Sai aka dakatar da wasa, aka tayar da jiragen, aka ci gaba, aka kuma gindaya wa Ja sharuɗɗa: ya kunna na'urorinsa na rada don a gan su, kada ya harbi jiragen da ke sauke sojoji. Van Riper ya ajiye muƙamin. Masu shirya atisayen suna da uzurinsu, kuma ba na banza ba ne: an tara dubban sojoji don gwada wasu abubuwa, ba za a sallame su a rana ta biyu ba. Tayar da jiragen don a ci gaba da horo ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗaure wa abokin karawa hannu, sannan a fito a ce dabarar da aka gwada ta yi aiki. Kwamfuta a nan tana ƙara haɗarin, domin ƙuri'ar da Ugaki ya soke kowa a ɗakin ya gani, amma lambar da aka sauya a cikin manhaja mai layuka dubbai, masu karanta rahoto ba su da hanyar ganinta.

Shi ya sa in mai karatu ya ci karo da kanun labari cewa wasan yaƙi ya nuna ƙasa kaza za ta ci ƙasa kaza, ya fara neman abin da aka ɗauka kafin a soma. A watan Janairun 2023 cibiyar nazari ta CSIS da ke Washington ta buga mamayar Taiwan daga China sau 24. A mafi yawansu mamayar ba ta yi nasara ba, amma Amurka kan rasa jirage biyu masu ɗaukar jiragen sama da wasu manyan jiragen ruwa 10 zuwa 20. Marubutan sun faɗi sharuɗɗansu a fili, abin a yaba musu: sai in Taiwan ta tsaya ta yi faɗa, Amurka ta shigo da wuri, Japan ta yarda a yi amfani da sansanonin da ke ƙasarta. Sun kuma ajiye makaman nukiliya a gefe. Duk wanda aka zare cikin waɗannan, labarin ya sauya. Sau 24 ɗin ma ba ƙididdigar yiwuwa ba ce, hanyoyi 24 ne da wasu mutane suka bi. Amfanin irin wannan aiki yana fitowa ne in ya tono rami da za a iya cikewa. Wasannin da cibiyar RAND ta wallafa a 2016 sun nuna sojojin Rasha na iya kaiwa bakin Tallinn da Riga, manyan biranen Estoniya da Latbiya, cikin awa 60. A shekarar ne ƙungiyar NATO ta yanke shawarar girke bataliyoyi huɗu a Estoniya, Latbiya, Lituwaniya da Poland.

Yanzu ƙirƙirarriyar basira ta shigo fagen, kuma tana da abin nunawa. A 2017 wata manhaja ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a wasan karta na foka, wanda ya fi dara kama da yaƙi tunda akwai ɓoye da yaudara a cikinsa. A watan Agustan 2020 wata manhajar ta kara da ƙwararren matuƙin jirgin F-16 a kwaikwayon faɗan sama, ta cinye shi biyar ba ko ɗaya. Irin waɗannan na'urori na koyo ne ta hanyar karawa da kansu sau miliyoyi, kuma sukan fito da dabarar da ba ta taɓa zuwa kan mutum ba, wato dai aikin da ake nema daga ɓangaren Ja. Sai dai duniyar da suka ƙware a cikinta ita ce duniyar da aka rubuta musu. Manhajar faɗan saman ta san ainihin inda abokin karawarta yake a kowane daƙiƙa, gatan da babu matuƙin da ke samu a sararin samaniya. In akwai ɓaraka a ƙa'idojin kwaikwayon, na'ura za ta gano ta ta ci wasa da ita, a fili kuwa ɓarakar babu ita. Ba ta kuma san nauyin rai ba sai iya makin da aka rubuta masa. In ba a sa wa ƙauyen da ke gefen gadar maki ba, a wurinta babu ƙauyen.

Akwai kuma wasan da aka buga da gaskiya, ba a tayar da jirgin kowa ba, ya faɗi abin da zai faru, aka ƙi ji. A 1964 ma'aikatar tsaron Amurka ta shirya wasanni biyu da ake kira Sigma, don a ga me zai biyo baya in aka yi wa Biyetnam ta Arewa ruwan bama-bamai. Manyan hafsoshi da manyan mashawartan fadar shugaban ƙasa sun halarta, waɗanda suka riƙe ɓangaren Ja kuma mutane ne da suka san yankin. Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba. Bama-baman ba su karya gwiwar Biyetnam ta Arewa ba, ƙasar manoma ce da ba ta da masana'antun da rusa su zai durƙusar da ita, kuma duk matakin da Shuɗi suka ƙara, Ja sun mayar da martani ta hanyar tura ƙarin mayaƙa kudu, har Amurka ta tsinci kanta tana jibge sojojin ƙasa. An kammala wasa na biyu a watan Satumba. Ranar 2 ga Maris 1965 aka fara ruwan bama-baman, ranar 8 ga watan sojojin kundumbala na ruwa suka sauka a Da Nang da ke Biyetnam ta Kudu. Kafin a fita daga yaƙin Amurka ta rasa sojoji sama da 58,000, 'yan Biyetnam da suka mutu kuwa sun haura miliyan guda nesa ba kusa ba.